Kafso a Cikin Shayin Baba

Talata

Auta,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Yara lafiya lau, babansu ma yana gaishe ka. Baba ne ba lafiya, kuma ba zan tsaya kewaye-kewaye ba, don direban motar kayan da zai kawo maka wannan takarda yana bakin ƙofar asibiti yana jirana.

Yau kwanan Baba shida a gadon asibiti. Ƙusa ya taka a shagonsa, wata tsatsattsiya da ta fito daga tsohon katako. Ka san halin ubanka. Ya zare ta, ya fasa kafsonsa ja da rawaya ya barbaɗa garin a ramin, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da buga wa mutane ƙofofi. Sati biyu bai gaya wa kowa ba, ga ciwon suga. Ni wari ne ya tona min asirin ranar da na kai masa wankinsa.

Sun ɗebi mugunya sun kai ɗakin gwaji irin naku. Takardar ta fito jiya, na kwafe maka ita a bayan wannan harafi-harafi, kar ka yi wa rubutuna dariya. Sunayen magunguna ne goma sha ɗaya a jere, tara an rubuta R a gabansu. Likitar wata doguwa ce mai tabarau, ban taɓa ganin haƙorinta ba. Ta ce ƙwayar cutar ta saba da magungunan da aka sani, ta daina jin su. Ta ce za ta haɗa masa allura biyu, in ba su yi ba, "sai mu yi maganar ƙafar". Haka ta faɗa, a gabansa. Sannan ta ɗauki biro ta zagaye ƙwaurinsa daidai inda kumburin ya tsaya, ta ce kar ya wuce nan.

Auta, tun daga lokacin ban samu natsuwa ba. Shi kuwa Baba ya yi kamar ba da shi ake ba, yana ta jan durowar gefen gado yana cewa wanda ya haɗa ta ba kafinta ba ne. Na zo da tef ɗina na awon kaya, duk safiya ina auna ƙwaurin. Yau inci goma sha shida da rabi, lafiyayyar ƙafar kuwa sha uku.

To kai da ka shekara bakwai kana leƙen faranti a ɗakin gwaji, yau ranarka ce. Me ya sa allura biyu? Lalube suke yi ba su son su faɗa, ko kuwa? Ka gaya min gaskiya da Hausar da zan gane, ban da irin bayanin nan naka mai sa mutum hamma. Ina jin tsoro, wallahi.

Yayarka

Juma'a

Yaya,

Wasiƙarki ta iso jiya da rana. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Lafiyata ƙalau, sai murar nan da ba ta rabuwa da ni saboda sanyin ɗakin aikinmu. Ki gaishe da yara da babansu. Baba kuwa ki gaishe min shi da kyau, ki ce na ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

Da ni direba zai kawo miki maimakon takarda. Amma fasfo ɗina yana ofishin sabunta izinin zama yau wata guda, kuma in babu shi ba mai barina in tsallaka iyaka. Na je musu jiya, suka ce in dawo bayan sati biyu. Na roƙi mutumin har na ji kunyar kaina.

Yanzu ki kwantar da hankalinki ki saurara. R ɗin nan yana nufin ƙwayar ta yi wa wannan maganin taurin kai. Abin da ke jawo hakan kin san shi: a sha kwana biyu, a ji sauƙi, a bari. Raunanan ƙwayoyin su mutu, masu ƙarfin su rage su hayayyafa. Amma ki duba takardar da kika kwafo, biyu ba su da R. Ba lalube likita take yi ba, su ta zaɓa, kuma ta zaɓa daidai.

Ƙwayar cuta tana da bango da ya kewaye ta. Allura ta farko bangon take fasawa. Ta biyu ita kaɗai da ƙyar take ratsa bangon, amma in ta sami ɓaraka sai ta shige ta kashe ƙwayar daga ciki. Ina ganin haka da idona kusan kullum. Mukan shafa ƙwayar a faranti, mu ajiye 'yan takardu masu girman ƙaramin maɓallin riga, kowace da maganinta, mu sa a akwatin ɗumi ya kwana. Da safe duk maganin da ya yi aiki za ki ga fili fes ya kewaye takardarsa, ba ƙwaya ko ɗaya. Irin waɗannan biyun in aka ajiye su kusa da juna, filayensu sukan haɗe su bunƙasa a tsakani, har su fi abin da kowanne zai yi shi kaɗai. Ranar da na fara gani sai da na kira abokin aikina ya zo ya taya ni kallo.

Saboda haka kar yawan magani ya tsorata ki. A irin wannan cuta magani yana son abokin aiki, ɗaya ba ya isa.

Ki ci gaba da awon nan, ya fi rabin abin da muke yi a nan amfani. Ki kuma ci abinci, na san ki, in hankalinki ya tashi ruwa kaɗai kike sha.

Ƙaninki

Talata

Likitan faranti,

Sannu da ƙoƙari! Ashe karatun da aka yi ta tura ka bai tafi a banza ba. Muna lafiya, yara sun gaishe ka. Wasiƙarka ta zo ran Lahadi, na karanta wa Baba wurin bango da ɓaraka, ya ce ai wannan aikin magina ne, wa ya kai ka.

Albishirinka: zazzaɓin ya sauka tun ranar Asabar. Awo jiya inci goma sha biyar, yau sha huɗu da rabi. Layin biron da likita ta ja yanzu yana can sama shi kaɗai, fatar wurin har ta fara yamutsewa. Warin ma ya ragu, wanda ke kwance a gadon kusa da mu ya daina juya mana baya. Baba ya fara faɗa da masu shara, ka san kuwa ya samu lafiya ke nan. Jiya ya aiki babban yarona gida ya ɗauko masa sukudireba, ya gyara durowar nan, nas tana tsaye tana salati.

Ni ma na koma kan keke rabin yini. Da safe ina asibiti, da rana in je shago in rage ɗinkin mutane, da yamma in dawo masa da shayi a fulas.

Af, kafin in manta, na bi shawararka. Ka san kafson nan ja da rawaya da Baba ya yarda da shi. Farkon kwanciyarsa ya tambaya, nas ta ce ba a shigo da komai daga waje. Abin mamaki bai yi musu ba, ya ce tunda ƙafarsa tana hannun likita, abin da ta ce shi za a yi. To da na karanta inda ka ce magani yana son abokin aiki, sai na ce ai ga abokin da ya fi kowa sanin jikin Baba. Ni ma a ɗinki, duk inda na san zai sha ja, kamar hammata, layi biyu nake bi, in kayan na yara ne in ƙara na uku. Na biya kyamis na sayo, ina fasa guda biyu a cikin fulas, safe da yamma, tun ran Lahadi. Shi kansa bai sani ba. Ya ce shayin ya yi ɗaci, na ce rashin sukari ne, mai ciwon suga ai sai haƙuri.

Ka ga yanzu su uku ne a kan ƙwaya ɗaya. Ina za ta shiga?

Yayarka

Juma'a

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa. KI DAINA BA BABA KAFSON NAN YAU, kafin ki ƙarasa karanta wannan takarda. Ki zubar da abin da ke cikin fulas ɗin.

Da na kai ƙarshen wasiƙarki gabana ya faɗi. Laifina ne. Na gaya miki rabin magana don in kwantar miki da hankali, na bar rabin da ya fi muhimmanci. Ba kowane magani ne abokin wani ba, Yaya. Wasu in sun haɗu taimakon juna suke yi, wasu kuwa ɗaya ne ke riƙe hannun ɗaya.

Allurar farko ba ta fasa bangon da ya riga ya ginu. Jira take yi sai ƙwayar ta tashi rabuwa biyu, ta kama gina sabon bango, sannan ta ɓata ginin ƙwayar ta fashe. Wato sai ƙwayar tana motsi tana girma take samunta. Shi kuwa kafso ja da rawaya ba kisa yake yi ba, tsayar da ƙwayar yake yi cak, ta daina girma, ta lafe. Wadda ta lafe ba ta gini. Sai allurar ta zo ta zagaya ta fita da fitsari ba ta sami abin kamawa ba. In ba ɓaraka kuma, ta biyun ta ina za ta shiga? Ƙwayar tana nan da ranta, tana jira.

Ban yarda da kaina ba, sai da na gwada. Muna da irin ƙwayar a firjin aiki, ba ta Baba ba ce amma danginta ce. Jiya na shafa ta a faranti, na ajiye takardar allurar farko, na ajiye ta maganin kafson a gefenta. Yau da safe na buɗe akwatin. Filin da ke kewaye da allurar ya zagaye da kyau ta ko'ina, amma ta ɓangaren da ke kallon kafson ya shafe, kamar an sa wuƙa an yanke gefen. Ƙwayar ta tsiro har kusa da takardar. Na fita bayan ɗaki na zauna a kan matakala, na kasa komawa ciki.

Dainawa kaɗai ba ta isa ba. Dole ki gaya wa likita: wane kafso, guda nawa, tun yaushe. In zazzaɓin ya dawo ba ta san da wannan ba, za ta ɗauka ƙwayar ce ta fi ƙarfin alluran biyu, ta koma ga magunguna masu zafi da ake ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. Za ta yi miki faɗa, ki bar ta ta yi.

Na buga wayar ofishin asibitin sau tara, ba wanda ya ɗauka. Na damƙa wa direba wannan hannu da hannu, na ce kar ya sauke ko buhu ɗaya kafin ya kawo miki.

Ƙaninki

Laraba

Auta,

Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Direba bai zo ran Lahadi ba, bai zo jiya ba. Na je inda suke lodi, aka ce injin motarsa ya buga a hanya, ba wanda ya san ranar da zai iso. Wannan ta gidan waya zan aiko, Allah ya sa ta same ka.

Abubuwa sun ɓaci. Zazzaɓin ya dawo tun ran Juma'a, irin mai kaɗa gado. Awo ran Asabar sha biyar da rabi, Litinin sha shida da rabi, yau sha bakwai. Na auna sau uku ko tef ɗin ne ya miƙe. Kumburin ya haye layin biro da faɗin yatsa biyu, yatsun ƙafar biyu sun yi baƙi. Baba ya daina faɗa da kowa. Jiya ya kira ni da sunan Inna, Allah ya ji ƙanta, yana tambayata ko an rufe shago.

Likita ta tsaya a kansa ta daɗe tana juya takardu. Ta ce abin ya ɗaure mata kai, don an sake gwaji kuma a faranti alluran biyu har yanzu suna cin ƙwayar, amma a jikinsa sun ƙi. Ta ce ba za ta tsaya jira ba. Ta ƙara yawan allura ta biyu, ta haɗa da wata sabuwa da ake sawa a ƙarin ruwa tana ɗiga a hankali, ga kuma ƙwayar sa fitsari saboda jikinsa ya fara tara ruwa. Ta ce in ba canji zuwa ƙarshen mako mai zuwa, za a shiga tiyata, daga ƙasan gwiwa.

Sannan ta juyo ta tambaye ni ko ina ba shi wani abu daga gida. Auta, a satin nan aka kori wata mata daga ɗakin saboda ta shigo wa mijinta da jiƙo a gora, aka hana ta ko leƙowa. In aka kore ni wa zai juya Baba, wa zai wanke shi? Kuma na ce a raina ai jiƙe-jiƙe take nufi, nawa kuwa maganin kyamis ne mai kwali da hatimi. Sai na ce mata a'a, shayi kawai.

Ni dai ina iya ƙoƙarina. Na mai da kafson sau uku a rana, tunda ƙwayar ta ƙara ƙarfi. Ka gaya min ko akwai wani da zan ƙara. Ka yi magana mana, don Allah. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar rasuwar Inna.

Yayarka

Litinin

Yaya,

Innalillahi. Wasiƙarki ta Laraba ta zo yanzu, na gane ta Juma'a ba ta same ki ba. Ga ta nan a taƙaice, ko wannan za ta riga ta: kafson shi ke hana allurar aiki. Ki daina. Ki gaya wa likita yau. Ba shawarar da na ba ki ba ke nan, amma ni na rubuta maganar da ta kai ki, ba zan ɗora miki ke kaɗai ba.

Yanzu wani tsoron ya ƙaru a kan na da. Allura ta biyu da aka ƙara wa yawa, da sabuwar ta ƙarin ruwa, da ƙwayar sa fitsari, kowacce tana taɓa ƙoda ko kunne kaɗan. In suka haɗu su uku a jikin tsoho, taron dangi suke yi masa. Likita ta san haka, ta zaɓe su ne don tana ganin ba ta da wata hanyar ceton ƙafar. Tana da ita, ke ce kike riƙe da ita a bakinki. Kowace rana da kika yi shiru, ana ɗura masa abin da wataƙila ba ya bukata.

Ki lura da fitsarinsa. In ya ce yana jin ƙara a kunne ko jiri, ki ruga ki faɗa.

In ta kore ki daga ɗakin, ta kore ki. Baban yara ya zauna da shi. Na koma ofishin fasfo yau, mutumin ya ce in daina zuwa ina cika musu benci. Ba abin da ke shiga cikina. Na ba da wannan ga wani direban bas, na rubuta sunan ɗakin da lambar gadon a baya.

Ƙaninki

Talata

Auta,

Muna nan da rai. Ban san wace gaisuwa zan yi maka ba bayan wannan.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka zo, ran Juma'a. Direban kaya ya kawo tasa duk ta yi baƙin mai, bayan awa biyu ta bas ta iso. A barandar asibiti na karanta su. Na je famfo na juye fulas ɗin, na wanke shi ya fi sau biyar, na jefa sauran kafson a masai.

Amma ban faɗa ba. Zan gaya maka gaskiya tunda ƙarya ce ta kawo mu nan. Ran Juma'a na ce bari in ga ko dainawar za ta isa. Ran Asabar likita ta zo zagaye, na buɗe baki, ta kalle ni ta saman tabarau, na ce mata sannu da aiki. A ranar Baba ya ce min gyare ya shiga ɗakin, yana ta kuka a kunnensa, in nemo shi in fitar. Na tuna abin da ka rubuta, duk da haka na ce gobe. Ran Lahadi ba ta zo aiki ba. Ina zaune ina kallon ruwan nan yana ɗiga cikin hannunsa, ɗigo bayan ɗigo, na san abin da yake yi, na kasa tashi in nemi ko nas.

Jiya Litinin da safe suka zo da takardar tiyata. Baba ba ya cikin hayyacin da zai sa hannu, sai ni. Nas ta miƙo min biro, wani ya yaye zanen ya fara aske gashin gwiwar. Na ga reza a kan ƙafar ubana. Ban san lokacin da na ce, "Likita, na yi miki ƙarya" ba. A gaban kowa, har masu jinyar gadon kusa.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta cire tabarau ta ce, "Wane iri? Guda nawa? Tun yaushe?" Na faɗa. Na miƙa mata wasiƙarka mai maganar kafso, ta karanta wurin farantin sau biyu. Ta ce ba za ta iya rantsewa kafson ne kaɗai ba, jikin mai ciwon suga yana da nasa halin. Amma ta ce da ta sani ranar da ta tambaye ni, da ba ta taɓa waɗancan magungunan ba. Ta sa aka cire ƙarin ruwan nan take, aka tsayar da ƙwayar fitsari da allura ta biyu, aka bar shi da ta farko da wata mai sauƙi. Ta ɗaga tiyatar kwana uku, ta ce mu gani. Aka ɗebi jini don a duba ƙoda.

Ba ta kore ni ba. Da za ta fita ta ce, "Fulas ɗin ki bar shi a gida."

Awo yau sha bakwai ba kwata. Kwata ɗaya ne ya ragu, amma ya ragu.

Yayarka

Juma'a

Yaya,

Na gode wa Allah, na kuma gode miki. Abin da kika yi ran Litinin ba kowa ke iya shi ba. Lafiyata ƙalau, yau ne na fara cin abinci da ɗanɗano. Sun ce fasfo zai fito ƙarshen wata, ranar da ya shiga hannuna ranar zan hau mota.

Kwata ba ƙaramin abu ba ne. Kafson yana ɗaukar 'yan kwanaki kafin ya bar jiki, in ya fita ƙwayar za ta farka ta kama gini, allurar kuma tana nan tana jiranta. Ƙoda takan farfaɗo in aka tsayar da maganin da wuri.

Maganar gyaren ce ta tsaya min a rai. Ki yi min abu ɗaya. In ya sami ƙarfin zama, ki tsaya a bayansa inda ba ya ganin bakinki, ki kira shi a hankali, ta dama sannan ta hagu. Ki rubuto min abin da ya faru, ko mene ne.

Ƙaninki

Talata

Auta,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da shirun sati biyu, ba direba ba ne wannan karon, ni ce. Yara lafiya, babansu lafiya.

Ƙafar Baba tana jikinsa. Yatsu biyun da suka yi baƙi kawai aka cire. Zazzaɓin ya tafi bai dawo ba, ƙoda ta dawo daidai, ran Alhamis aka sallame mu. Yana gidana, a ɗakin da ke kusa da ƙofa, yana dogara sanda zuwa tsakar gida.

Na yi abin da ka ce tun muna asibiti. Na tsaya a bayansa na ce Baba. Na ce Baba da ƙarfi. Na koma hagu. Na ɗauki faranti na ƙarfe na sake shi a kan siminti, duk ɗakin aka zabura, wani jariri a baranda ya fashe da kuka. Baba yana zaune yana gyara zaman hularsa. An kai shi wurin masu duba kunne. Sun ce na hagu ya tafi, na dama saura ɗan kaɗan, sai an kafa baki a kai an ɗaga murya ya tsinci kalma ɗaya cikin biyar. Na tambayi likita ko zai dawo, ta ce irin wannan ba ya cika dawowa. Na tambaye ta ko kwana ukun da na yi shiru ne. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda zai taɓa sani.

Shi yana ɗauka zazzaɓin ne ya tafi da jinsa. Yana gaya wa masu zuwa dubiya, da muryar nan mai ƙarfi da yake yi yanzu, cewa ba don 'yarsa ba da tuni an yanke shi, wai ni na tsaya a gaban likita na hana.

Jiya da la'asar na kasa jurewa. Na shiga na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, tun daga kyamis, da fulas, da ɗacin da na ce rashin sukari ne, da a'ar da na ce wa likita, da Juma'a da Asabar da Lahadi. Ina yi ina kuka. Ya zuba wa bakina ido har na gama. Sannan ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Daina kuka, ai na warke. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi min."

Idonsa garau yake, yana karatu ba tabarau. Yanzu duk abin da muke so ya sani rubuta masa muke yi. Yau da safe na yago takarda na zauna don in rubuta masa. Na rubuta "Baba" a sama, na zauna a gabanta har aka yi azahar ban ƙara ko harafi ɗaya ba. Ita ce wannan da ke hannunka. In ka juya bayanta za ka gani.

Yayarka